An Yi wa Katin Mai-Keke Kunne

Shekara ashirin da shida Mai-Keke ta yi tana ɗaukar mutane a sashen gaggawa na babban asibiti, ba a taɓa jin ta ce wash ba. A takarda leburar ɗaki ce: shara, goge ƙasa, canza zanen gado, kwashe kwanon amai. Amma keken tura marasa lafiya shi ne mulkinta, daga nan ta samo sunan da ya binne na yanka. Huɗu ne a bakin ƙofa, uku lafiyayyu, ɗaya mai jan hagu kamar akuyar da ta hango dusa, ita kaɗai ta san inda ake dungurarsa da gwiwa ya miƙe. Mota na tsayawa, kafin 'yan rakiya su gama ihun a taimaka, ta riga ta zura hannu a hammatar mutum ta ɗora shi. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, tafin hannunta duk kanta. Ta sha ɗaga ƙaton da maza biyu suka tsaya suna shawara a kansa.

Karatunta bai wuce aji huɗu ba, amma Allah ya ba ta riƙo. Shekara da shekaru tana goge ƙarƙashin teburin likitoci, ta haddace sunayen magunguna tas, har da yawan da ake ba babba da wanda ake ba yaro. Sai dai abin da ya ɗaukaka ta a sashen ba ƙarfi ba ne, ba hadda ba ce. Ido ne.

Akwai wata allura da ake kira fenta, mai kashe ciwo komai tsananinsa, tana kuma sa mutum ya ji kamar an shimfiɗe shi a kan auduga. A kabad ake kulle ta, mabuɗin na rataye a wuyan sistar da ke bakin aiki. Wanda ya saba da ita ba ya iya rabuwa da ita, to irin waɗannan sai su riƙa zuwa sashen gaggawa da ciwon da ido ba ya gani. Ciwon baya ya fi musu sauƙi: ba jini, ba kumburi, ko hoto aka ɗauka ba zai ƙaryata mutum ba. Babbar sistar wancan zamanin, Allah ya jiƙanta, ta gaji da su, ta ƙirƙiro dabarar da ba a rubuta a littafin kowa ba. Duk mara lafiya ana yanka masa kati a taga, a kai katin teburin sista, daga nan ya wuce gaban likita. In ana zargin mutum, sai a lanƙwasa kusurwar katinsa ta sama, 'yar mitsitsiya. "An yi masa kunne," haka ake cewa. Kati mai kunne ƙasan tari yake komawa, mai shi ya sha zaman benci, in an kira shi a haɗa shi da ƙananan ƙwayoyi da nasiha ya kama gabansa. Ba faɗa, ba zagi, ba abin da zai riƙe ya kai ƙara.

Wa ke gano su? Mai-Keke. Dalili kuwa, ba wanda ke ɓata wasan kwaikwayonsa a kan mai shara. Mutum zai yi ta murƙususu in farar riga ta gitta, tana wucewa ya sunkuya ya ɗaure igiyar takalminsa, a gaban wata gajeruwar mata mai tsumma a hannu wadda bai ɗauka a bakin komai ba. Ta taɓa kama wanda ya shigo yana ɗingishi da ƙafar dama, ya fito daga banɗaki yana yi da ta hagu. Har alamomi ta tsara, ta koya wa Doguwa, matar da aka haɗa su aiki a shekarunta bakwai na ƙarshe.

"Duk wanda ya faɗi sunan allura da bakinsa, yi masa kunne. Duk wanda ya ce ƙananan ƙwayoyi ba sa karɓarsa tun ba a tambaye shi ba, yi masa kunne. In ya haɗa biyun, kada ki tsaya kallon fuska, ko da uwarki ce."

Mutum nawa a cikin masu kunnen nan suka koma gida da ciwonsu na gaskiya suka ciji matashi? Oho. Ba wanda ya taɓa bin su ya gano. A sashen dai an yarda idon Mai-Keke ba ya kuskure, ita ma ta yarda, ta kuma fi alfahari da hakan a kan komai nata.

Ranar da ta yi ritaya aka ba ta agogon bango da takardar yabo, aka ɗauki hoto, wani babban likita ya ce asibitin nan gidanta ne har abada. Irin maganar da ake faɗa a manta kafin a gama tafi. Ita kuwa baiwar Allah ta ɗauka da gaske. Shekara uku tana zaune da mijinta, tsohon direban bas da har yau ake kira Direba, 'ya'ya duk sun kama gidajensu, amma ko tari maƙwabciya ta yi sai ta ce, "Je ki wurinmu, ki ce ni na aiko ki."

Wata Talata da hantsi tana shanya, safar mijinta guda ɗaya ta faɗi ƙasa. Ta sunkuya za ta ɗauka. Matar da ta ɗaga ƙarti shekara ashirin da shida, safa ce ta kayar da ita. Ta ji wani abu ya ce ƙas a ƙugunta, kamar an soka wuƙa an murɗa, ta durƙushe a wurin, ba gaba ba baya.

Direba ya leƙo da rediyo a hannu. "Innar yara, me kike nema a ƙasa?"

"Zinare nake haƙa. Zo ka kama ni, Malam, bayana ya riƙe."

"Naki bayan? Ashe shi ma irin na mutane ne."

Ya kama tsintsiyar hannunta zai ja, ta daka masa tsawa. "Ta hammata! Ka durƙusa ka ɗaga da cinyarka, kada mu zama mu biyu a ƙasa ba mai kiran wani."

Ya ce bari ya kira mai kemis na bakin layi. Ta ce ita da ke da asibiti sukutum ba za ta sha maganin kemis ba. "Kai ni wurinmu. Minti goma ne, su yi min abin da ya dace in dawo in ƙarasa shanyata."

A kwance ta je, a kujerar bayan tasi, kowane rami tana jin sa har cikin haƙoranta, Direba na gaba yana koya wa mai tasin tuƙi.

Sashen ya sha sabon fenti. Mai gadi sabo, mai yanka kati sabo, bai ma ɗago kai ba da Direba ya ce masa ai wannan Mai-Keke ce. Fuska ɗaya ta sani, Doguwa, wadda ta fito da gudu tana tura keke.

"Inna! Inna ce? Innalillahi, me ya same ki?"

"Ƙugu ne. Taka birkin tukuna, Doguwa. Har yanzu ba kya taka birki?"

Doguwa ta yi dariya har da ƙwalla, ta ɗora ta a hankali, ta karɓi katin daga hannun Direba, ta tura ta gaban teburin sista. Sistar yarinya ce da ba ta kai autar Mai-Keke ba, da mabuɗin kabad a wuyanta. Ta ɗaura mata abin awon jini tana tambaya ba tare da ta kalle ta ba. "Mama, me ke damun ki?"

To a nan ne Mai-Keke ta yi abin da ba wanda zai yi sai ita. Ta ga layi ya yi tsawo, ta ga yarinyar ta gaji, ta yi niyyar rage mata aiki irin na 'yar gida.

"Ba karaya ba ce, 'yata, nama ne ya riƙe. Ba sai kun ɓata lokaci ba. Ki yi min fenta, talatin, a cinya, in ba ku wuri. An taɓa yi min da na yi aikin ciki, ta karɓe ni. Kada a ba ni ƙananan nan, ƙona min ciki suke yi."

Hannun sistar ya tsaya a kan abin awon. Ta ɗago kai a karon farko, ba Mai-Keke ta kalla ba, sama da kanta ta kalla, inda Doguwa ke tsaye riƙe da keken. Abin bai kai ƙiftawar ido ba. Amma Mai-Keke ta san kallon nan, shekara nawa ita ake yi wa shi. Sai a lokacin maganarta ta dawo mata, ta ji ta da kunnen mai aiki. Wani gumi ya keto mata wanda ba na ciwo ba.

"Na yi aiki a nan," ta ce. "Shekara ashirin da shida. Tambayi Doguwa."

"To, Mama. A jira a benci, za a kira."

Benci! Ita da ta goge bencin nan har fentinsa ya koɗe. Zaman ma ya gagara, domin duk wanda ƙugunsa ya taɓa riƙewa ya san zama ya fi tsayuwa azaba. Ta miƙe da kyar ta dafa bango. Sai ta tuna mai tsayuwa da ƙafarsa ana cewa ai ga shi nan lafiya lau. Ta koma ta ɗosana. Nishi ya zo mata har maƙogwaro, a daidai lokacin wani mai farar riga ya gitta, ta haɗiye shi, kada a ce don shi ta yi. Ta yi shiru, sai ta tuna mai shiru ma ba a yarda da shi, ai ciwon gaske ba ya bari a yi shiru. Duk ta inda ta juya, tarkon da ta ɗana da hannunta ne. Ta bi ɗakin da ido tana neman wanda ke kallonta. Kowa na harkar gabansa, shi ya fi tayar mata da hankali, don ta san mai kallo na ainihi ba ya kama da mai kallo.

Aka shigo da wani da babur ya kaɗe, aka wuce da shi ciki. Wannan daidai ne. Aka shigo da jaririya tana jijjiga, ita ma daidai ne, da Mai-Keke ce da gudu za ta kai ta. Amma sai aka kira wani da ya zo bayanta da yankan wuƙa a ɗan yatsa. Aka kira wata mai mura. Mura, jama'a, a sashen gaggawa!

Ta taɓo mijinta. "Malam, tashi ka je kamar za ka tambayi banɗaki. Ka bi ta gefen teburin yarinyar can, ka dubo min tarin katin. Nawa shuɗi ne sabo."

"Leƙen asiri kuma, da tsufana?"

"Je ka dai."

Ya je, ya dawo yana murmushi. "Yana nan, ba su ɓatar ba. Shi ne na can ƙasa. Sai dai mutanenki ba su da tsari, sabon kati har sun naɗe masa gefe."

"Wane gefen?"

"Na sama. Ɗan kaɗan ne, kar ki damu, ba a taɓa rubutun ba."

Bai san me ya faɗa ba. Shekara talatin da biyar suna tare, ba ta taɓa ba shi labarin kunne ba, sirrin aiki ne. Yanzu ta ba shi, a taƙaice, da murya ƙasa-ƙasa. Murmushin ya bar fuskarsa.

"Wato 'yar ƙwaya suka ɗauke ki? Ke? Ke da ko goro ba kya ci?" Ya yunƙura zai tashi. "Bari in ga uban da ya tsaya musu."

"Zauna. Wanda danginsa suka tayar da rigima ma akwai abin da ake cewa a kansa."

Tambayar da ke cin ta ita ce wa ya lanƙwasa. Ta so a ce sistar ce. Yarinya ce, ba ta san ta ba, a yafe mata. Amma sistar da hannu biyu take awon jini lokacin, katin kuma a hannun wa yake? Ta hango Doguwa can ƙarshen baranda tana goge wuri ɗaya, wurin da ya riga ya bushe, ta ba su baya.

"Doguwa."

Ba ta ji ba.

"Doguwa! Tayil ɗin zai huje. Zo nan."

Ta zo tana jan ƙafa, doguwar mace kamar falwaya, ta tsaya tana murza sandar goge ƙasa.

"Dube ni. Ke kika yi wa katina kunne?"

"Inna, ai likita za ta gan ki yanzu..."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Doguwa ta sunkuyar da kai. "Kin haɗa biyun, Inna. A gaban sista. Ta kalle ni. In ban yi ba, gobe in na yi wa wani ba za ta yarda da ni ba, za ta ce son kai nake yi. Ke kika ce ko da uwata ce."

"Uwarki kin san ta. Ni ba ki san ni ba? Shekara bakwai muna cin abinci a kwano ɗaya. Ranar da aka yi wa ɗanki aiki wa ya kwana a tsaye?"

"Na san ki, wallahi na san ki." Sai ta ɗago ido, kuma abin da ke cikin idon ba kunya kaɗai ba ce. "Amma shekara uku ban gan ki ba, Inna. Kin tuna Baba na ɗakin tiyata? Shi ma mun san shi. Bara ya riƙa zuwa, yau baya gobe ƙoda. Mun yi ta yi masa allurar don mutunci, har ranar da aka tsince shi a yashe a banɗaki. Ni ban ce haka kike ba. Na ce ne ban sani ba."

Da ƙarya Doguwa ta yi, da ta ce katin ne ya naɗe a aljihu, da Mai-Keke ta zage ta tas ta huce. Amma ta tsaya a gabanta tana zarginta tsakani da Allah, tana duba hannuwanta ko suna rawa, tana duba ƙwayar idonta, daidai yadda aka koya mata. Wanzami dai ba ya son jarfa.

"Koma bakin aikinki," in ji Mai-Keke. "Kin bar bokiti a hanya."

Sai da azahar ta gota aka kira ta. Likitar mace ce siririya mai gilashi, da alama tun safe ko ruwa ba ta sha ba. Ta gaishe ta da ladabi, ta sa aka kwantar da ita. Ta tambaye ta yadda abin ya faru, ta ɗan yi dariya da ta ji zancen safa. Ciwon na sauka ƙafa? A'a. Ƙafa ta mutu, ko tsakanin cinyoyi? A'a. Fitsari na zuwa daidai, tana iya riƙewa? Lafiya lau. Zazzaɓi, rama, faɗuwa? Babu. Ta ɗaga mata ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ta sa ta tura babban yatsa sama, ta ƙwanƙwasa gwiwa, ta bi ƙashin bayan da yatsa, ta danna gefe. Nan Mai-Keke ta saki ƙarar da ta riƙe tun hantsi.

"Sannu, Mama. Cikin da kika ce yana ƙonewa, an taɓa cewa gyambo ne? Kin taɓa aman jini, ko baƙin bayan gida?"

"Ƙwannafi ne dai mai tsanani."

"To alhamdu lillahi, ban ga abin tsoro ba. Naman ƙugu ne ya ɗaure. Ba sai an yi hoto ba. Zan ba ki ƙwaya mai rage kumburi ta kwana biyar, da wadda za ta kare miki ciki, ki sha bayan kin ci abinci. Ki riƙa gasa wurin da ruwan ɗumi. Kuma kada ki kwanta..."

"...ki riƙa motsawa a hankali, kwanciya ƙara ɗaure shi take yi, in ƙafa ta mutu ko fitsari ya ƙi ki dawo da gaggawa." Mai-Keke ta ƙarasa mata. "Na san karatun, Likita. Na ji shi ya fi sau dubu ina goge ƙarƙashin teburin nan. Karatun masu kunne ne."

"Masu me?"

"Kada ki raina min hankali, na haife ki. Ga shi nan a hannunki."

Likitar ta juya katin, ta dubi kusurwar, ta dubi Mai-Keke. Direba ne ya yi mata bayani, da zafi, yana haɗawa da abin da ba a tambaye shi ba. Ta saurara har ya gama, ta cire gilashinta ta murza ido.

"Watana biyar a nan. Ina ganin katunan a naɗe, na ɗauka akwatin ne ke cin su. Mama, ni ba da kati nake ba da magani ba. Duk mai irin ciwonki abin da nake ba shi ke nan, da kunne da babu. Allurar da kike so za ta sa ki jiri da amai, bayan awa uku ko huɗu ta sake ki, ciwon na nan inda yake. An gwada an gani, a irin wannan ciwon ba ta fi waɗannan ƙwayoyin ba, illarta ce ta fi tasu. Da ƙashi ne ya karye, da kaina zan karɓo mabuɗin."

Mai-Keke ta zuba mata ido, idon nan da ba ya kuskure. Ta nemi alamar ƙarya a fuskar, a hannun, a muryar. Ba ta samu ba. Amma ai likitoci sun iya, da shi ake yaye su. Ta sha ganin likita ya dafa kafaɗar mutum yana ce masa na yarda da kai, ƙofa na rufewa ya ce a kula da wancan. In kuma gaskiya likitar ta faɗa, to abin ya fi muni: ana shanya bayin Allah a benci awa uku-uku saboda saƙon da wadda ake aika wa ba ta ma iya karanta shi ba. Wannan wane irin aiki ne?

"Ga abin da za mu yi," in ji likitar. "Ki ci wani abu, ki sha yanzu, ki zauna minti arba'in. In bai sassauta ba ki dawo, ba layi, mu sake shawara. Maganar katin kuma ki bar ta a hannuna."

Direba ya sayo biredi da shayi a shagon bakin ƙofa. Ta ci loma uku, ta haɗiye ƙwayoyin kamar mai haɗiyar tsakuwa. Ta koma bencin tana kallon agogo, tana roƙon abin da mai hankali ba ya roƙo: kada maganin ya yi aiki. In bai yi ba, za ta koma, a buɗe kabad a gaban sistar da Doguwa, kowa ya san ciwonta ya kai.

Minti talatin, wuƙar ta zama dunƙulen hannu. Minti arba'in, ta motsa ƙafa ba ta ga taurari ba. Ciwon na nan, amma ya zama irin wanda mutum zai iya zagi ya ci gaba da harkarsa.

"Ya ya?" in ji Direba.

"Ya sassauta," ta ce, kamar mai sanar da rasuwa.

"To ai sai godiya."

Za ta iya komawa ta ce bai yi ba. Ba wanda zai shiga jikinta ya gani. Ta san kalmomin da za ta faɗa, ta san yadda ake riƙe numfashi, ta ga gwanaye sun yi a gabanta. Ta auna abin a ranta na ɗan lokaci, ta ga in ta yi, to Doguwa ta yi gaskiya ke nan. Ta leƙa ta ce wa likitar da sauƙi, ta karɓi takardar sallama.

Doguwa ta turo mata keke.

"Likita ta ce in taka."

"Ko zuwa bakin titi ne, Inna."

"Kai wa mai buƙata."

Daga ƙofar sashen zuwa babbar ƙofar asibiti tafiyar taku sittin ce, fili fetal, ba bishiya ba mota. Ɗakin shan shayin ma'aikata kuma tagarsa a kan filin take. Duk wanda aka sallama da zargi, nan ake taruwa a ga tafiyarsa, don mutum in ya ɗauka ya fita daga ido sai ya manta da ciwon da ya shigo da shi. Mai-Keke ta tsaya a bakin matakala ta gaya wa mijinta haka.

Ya saci kallon tagar. "To ki rataya a kafaɗata. Ki ɗan duƙa, ki riƙa tsayawa kina nishi. Ai ba ƙarya ba ce, ɗazu haka kike."

"Ɗazu ne."

"Innar yara, taku sittin ne fa. Ki ba su abin da za su gani, su ji kunya. In kika miƙe cewa za su yi dama lafiyarki ƙalau, allura kika zo nema ba ki samu ba."

"Na san abin da za su ce. Har wadda za ta fara faɗa na sani."

Ta gyara ɗaurin zanenta. Ta sauka matakalar a kaikaice, ɗaya, biyu, ta dafa ƙugu don nan ne ke ciwo, ba ta ƙara ko ɗigo a kai ba. Ta kama tafiya yadda bayan ya yarda: a hankali, ƙafa a ɗan buɗe, amma a miƙe. A tsakiyar filin ma ta ji ya ƙara saki, kamar yadda likitar ta ce, har takunta ya ɗan ƙara sauri. Ta tsine wa bayan a ranta. Ba ta rage saurin ba.

A bakin ƙofa Direba ya waiwaya.

"Su uku ne a tagar. Da sistar, da wani namiji, da Doguwarki. Sistar na magana."

"Doguwa fa?"

"Kallo kawai take." Ya ɗan jira. "In koma in gaya musu magani ne ya yi aiki?"

"Su ma haka suke cewa, Malam. Duk wanda aka kama haka yake cewa." Ta dafa ƙarfen ƙofar, ta juya fuskarta wajen titi. "Tsayar mana da tasi. Wannan karon a gaba zan zauna."